Ɓawon Lemo Da Gonakin Hof: Cutar Da Ke Bin Hannun Manomi



A shekarar 2007 wasu manoma a kwarin Savinja da ke ƙasar Sulobeniya, a tsakiyar Turai, suka lura shukarsu ta daina tsawo. Shukar da ta saba hawa igiya har ta kai mita 6 ko 7, sai ga ta ta tsaya a hanya, ganyenta ya yi rawaya ya nannaɗe, ɓawon karanta yana tsagewa, saiwarta tana ruɓewa. Cikin shekara 3 zuwa 5 sai tushen ya mutu gaba ɗaya. Da farko an zargi wata cuta da aka daɗe da sani daga Japan, amma wannan ta fi ta saurin kisa nesa ba kusa ba. Sai a 2015 masana suka wallafa sakamakon da ya tabbatar da mai laifin. Abin mamaki, ƙwayar cutar itacen lemo ce, a ƙasar da ba a noman lemo don kasuwa. To, me ya haɗa kifi da kaska?

Kafin mu kai can, bari mu gabatar muku da shukar, don da wuya a sami wanda ya taɓa ganinta a cikinku. Turawa na ce mata hop, mu za mu riƙa cewa hof, sunanta a kimiyya kuwa Humulus lupulus. Shuka ce mai yaɗo, kamar yadda doya ke hawa sanda, sai dai ita manomi yakan kafa mata dogayen turaku, ya ja waya a samansu, ya sauko da igiya daga wayar zuwa ƙasa, ita kuma ta yi ta nannaɗe igiyar tana hawa. A lokacin da girmanta ya kankama takan ƙara kusan santimita 25 a yini guda. Abin da ake so a jikinta shi ne furenta, wani ɗan curi kore mai kama da ƙaramar abarba, wanda bai wuce girman babban yatsa ba. A cikinsa akwai wani gari rawaya mai danƙo da ake kira lufulin, mai ɗaci da ƙamshi. Kamfanonin giya ne ke sayen mafi yawansa, ana kuma sa shi a wasu lemukan malt marasa sa maye da kuma shayin gargajiya na Turawa. Ba giyar ce ta kawo mu ba. Gonar hof muke so, domin da wuya a sami wata gona da ke nuna yadda cutar tsiro ke tafiya ƙarara kamarta.

Masu son labarin ƙasa, ga naku: hof na buƙatar doguwar rana da sanyin hunturu mai ƙarfi, shi ya sa ake nomansa tsakanin layin latitud na 35 da 55. Mu da yininmu ba ya nisa da awa 12 duk shekara, ba za mu ga gonarsa a Kano ko Zinder ba. Amurka da Jamus ne kan gaba a nomansa. A Jamus akwai yankin Hallertau a jihar Babariya, a Amurka akwai kwarin Yakima a jihar Washinton, sai Žatec a Jamhuriyar Cek da Kent a Ingila.

Yanzu ga inda matsalar ta samo asali. Hof na da namiji da mace, kamar gwanda ko dabino, kuma galibi macen kaɗai ake shukawa. A Hallertau ma ba a barin namiji ya rayu kusa da gonaki, don ba a son furen ya yi ƙwaya. Idan kuma aka shuka ƙwayar iri, 'ya'yan kan fito kowanne da halinsa, wannan ɗacinsa daban, wancan ƙamshinsa daban, alhali mai saye iri ɗaya yake so bana da baɗi. Saboda haka ba a shuka ƙwaya. Yankan saiwa ko na reshe ake ɗauka daga jikin uwa a dasa, kamar yadda muke yi da karan rogo da rake. Ma'ana, gona mai tushe dubu biyar ta nau'i guda, a zahiri tsiro ɗaya ne aka yayyanka gida dubu biyar. Akwai wani nau'i a Ingila mai suna Fuggle da aka fara yaɗawa a wajajen 1875, kuma duk wani Fuggle da ke duniya yau ci gaban jikin wancan na farko ne.

Ku yi tunani: idan uwar tana da cuta fa? Duk wanda aka yanko daga jikinta ya taho da ita. Ga shi kuma tushen hof ba kamar gero ba ne da ake girbewa a wuce. Karan ne ke bushewa da hunturu, kututturen yana nan a ƙasa yana sake tohowa shekara goma sha, wani har ashirin. Manomin gero yana samun sabon shafi duk damina. Manomin hof kuwa, abin da ya dasa shi zai yi ta fama da shi.

Me ake nufi da bairos a tsiro? Wani ɗan saƙo ne na gado, galibi na RNA, da aka naɗe cikin rigar furotin. Ba ya ci, ba ya numfashi, ba ya iya haihuwa da kansa. Sai ya shiga cikin ƙwayar halitta mai rai, ya karɓe kayan aikinta, ya tilasta mata ta yi ta buga kwafensa maimakon ta yi aikinta. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, a jikin tsiro aka fara gano bairos, ba a jikin mutum ba. A 1892 wani masani ɗan Rasha, Dmitri Ivanovsky, ya tace ruwan ganyen taba mai ciwo da matacin da ke tare bakteriya, amma ruwan da ya wuce ya ci gaba da sa cuta. A 1898 Martinus Beijerinck na ƙasar Holan ya maimaita gwajin, ya ce wannan wani abu ne daban da bakteriya.

Amma bairos na tsiro yana da babban rauni. Kun tuna darasin bayoloji cewa ƙwayar halittar tsiro tana da bango mai tauri, wanda ta dabba ba ta da shi? To, bairos ba ya iya fasa wannan bango. Dole sai wani ya buɗe masa ƙofa: ko ƙwaro ya huda, ko wuƙa ta yanka, ko kara ya gogi kara har a sami rauni. Da zarar ya shiga kuwa, sai ya bi ta ƙananan kafofin da ke tsakanin ƙwaya da ƙwaya, har ya isa jijiyoyin da ke raba abinci, daga nan ya game jiki daga saiwa har ganyen ƙarshe. Babu feshin da ke fitar da shi daga tsiron da ke tsaye a gona.

Mai buɗe ƙofa na farko shi ne darɓa, wannan ƙaramin ƙwaro mai tsotso da kuke gani yana lulluɓe ganyen wake. Hof na da irin nasa, Phorodon humuli, wanda ke kwana hunturu a jikin itatuwan fulam da danginsu, idan ɗumi ya dawo masu fikafikai su taso su sauka a gonar hof. Darɓa ke ɗaukar wasu bairos uku 'yan gida ɗaya: mai sa ganye dabbare-dabbare, da wasu biyu da ake kira masu ɓuya saboda yawanci ba sa nuna alama. Yadda yake ɗauka shi ne abin lura. Ƙwaron kan soka bakinsa mai kamar allura ya ɗanɗana ganye na 'yan daƙiƙu, bairos ɗin ya manne a bakin, ya tashi ya ɗanɗana na gaba ya sauke masa. Shi ke nan. Wannan ne ya sa maganin ƙwari ba ya hana irin wannan yaɗuwa sosai: kafin guba ta kashe ƙwaron, ya riga ya gama aikinsa.

A nan akwai wani labari daga Ingila da muke ganin ya fi kowanne koyarwa. Nau'in hof da ake kira Golding ba ya jure bairos mai dabbare-dabbare. Idan ya kamu, ganye ya ɓaci, girma ya tsaya, wani ma ya mutu. Shi kuwa Fuggle yakan ɗauki bairos ɗin ya ci gaba da harkarsa kore shar, ba tari ba atishawa. Sai ya zama manomin da ya shuka su kusa da juna yana ganin Golding ɗinsa na lalacewa, ya tuge marasa lafiya, sabbi su sake kamuwa, alhali rumbun cutar yana nan a tsaye a gefe, kuma shi ne mafi kyan gani a gonar. Maganin da suka samu shi ne raba su da nisa. Wanda ya tuna zamanin korona ya san wannan darasi: mai cuta da ba shi da alama ya fi wanda ke kwance wahalar sha'ani.

Mai buɗe ƙofa na biyu a ƙarƙashin ƙasa yake. Wata siririyar tsutsa ce, nematodi, mai suna Xiphinema diversicaudatum, tana huda saiwa tana tsotso, tana kuma ɗauke da bairos ɗin da ya taɓa addabar gonakin Ingila da wata cuta mai hana kara hawa igiya da kyau, ta mai da ganye ƙanana kamar na ciyawa mai ƙaiƙayi. Tsutsar ba ta da sauri, don haka cutar kan bayyana a wuri guda kamar tabo, ta yi ta faɗi a hankali. Idan aka tuge hof aka sake dasa sabo nan take, tsutsar na nan tana jira. Dole a bar ƙasar fayau, ba hof ba ciyawa, har kimanin shekara biyu.

Na uku kuma, wanda a ganinmu shi ne gogan, shi ne manomin da kansa. Ku dubi aikin gonar hof a shekara. Idan hunturu ya wuce, tarakta kan bi layi da wani faifan ƙarfe mai kaifi tana aske kan kowane kututture. Sai ma'aikata su zaɓi 'yan tohon da za su hau igiya, su nannaɗa su da hannu, su cire sauran. Daga baya a sauke ganyen ƙasa. Da kaka kuma a sare karan gaba ɗaya a kai shi injin tsinkar fure, sannan sau da yawa a kwaso ragowar ganye da kara a mayar gona a matsayin taki. Kowane mataki rauni ne, kuma ƙarfe ɗaya ne ke bin tushe bayan tushe da ruwan jikin na baya a bakinsa. Akwai bairos mai suna dabbaren tuffa, wanda ke rage yawan fure da ƙarfin ɗacinsa, kuma har yau ba a san wani ƙwaro da ke ɗaukarsa ba. Ta dashe yake tafiya, da ta wuƙa, da ta gogayyar tsiro da tsiro.

Masana cututtukan tsiro na da wata dabara mai daɗi a nan. Sukan zana taswirar gona, su sa alama a kan kowane tushe mai cuta, sai taswirar ta faɗa musu mai laifi. Idan alamun sun warwatsu nan da can, a nemi mai fikafikai. Idan sun taru wuri guda kamar tabo, a tona ƙasa. Idan kuwa sun jeru a kan layi ɗaya, ɗaya bayan ɗaya, daidai hanyar da tarakta ke bi, to ba sai an je da nisa ba.

Yanzu mu koma Sulobeniya, amma sai mun ƙara sanin wani abu da ya fi bairos ƙanƙanta. A 1971 wani masani a Amurka, Theodor Diener, yana binciken wata cutar dankalin Turawa, sai ya tarar abin da ke jawo ta ba shi ma da rigar furotin. Zallan zoben RNA ne tsirara. Ya raɗa masa suna bairoyid. Don ku ji ƙanƙantarsa: saƙon gadon ɗan'adam na da haruffa kimanin biliyan 3, na bairos ɗin korona kimanin 30,000, na bairos ɗin taba kimanin 6,400. Wanda Diener ya gano haruffa 359 ne kacal. Wanda ya kashe gonakin Sulobeniya kuwa 284. Saƙon tes biyu a wayarku sun fi shi tsawo. Ba ya ma iya sarrafa furotin ko ɗaya, sai dai ya rikita yadda tsiro ke karanta nasa saƙon.

Hof ya riga ya san wasu irinsu, ga biyu daga ciki. Na farko shi ne mai tsumburar da hof, wanda aka fara gani a Japan a tsakiyar ƙarni na 20, aka gano bairoyid ne a 1977, ya kuma bayyana a jihar Washinton a 2004. Muguntarsa ita ce haƙuri: yakan yi shekara 3 zuwa 5 a jikin tsiro kafin tsumburewar ta fito fili, a tsawon wannan lokaci kuwa an yanki dashe daga jikinsa an sayar, wuƙa ta bi ta kansa sau da yawa. Bincike ya nuna alamun cewa daga itacen inabi ya tsallako. Na biyu, mai ɓuya, an bayyana shi a 1988, kuma da aka duba sai aka tarar ya riga ya game gonakin hof na duniya ba wanda ya sani.

Na Sulobeniya kuwa shi ne bairoyid mai tsaga ɓawon itacen lemo. A jikin lemo ba wani abin tsoro ba ne, itatuwa da yawa na ɗauke da shi suna ba da 'ya'ya lafiya lau. Abin da masana suka fi zargi shi ne, ragowar lemon da aka shigo da shi daga ƙasashen waje aka zubar a wani juji da ke inda cutar ta fara ɓulla, daga nan ta sami rauni a jikin hof ta shiga. Zargi ne mai ƙarfi, domin da aka gwada lemon da ake sayarwa a kantunan Turai an sami wannan ƙwaya a cikinsa. Tsallakowar sau ɗaya kawai take buƙata. Sauran aikin kuwa injuna da dashe da takin ragowar girbi ne suka yi, daga layi zuwa layi, daga gona zuwa gona. Hukumomin ƙasar suka sa dokar tuge tsiron da ya kamu har da maƙwabtansa, wani lokaci gona sukutum, a kuma hana sake dasa hof a wurin na wasu shekaru. Ku sa kanku a matsayin iyalin da suka kashe kuɗi suka kafa turaku da wayoyi, suka jira tushe ya ƙosa, sannan a ce su tone shi da hannunsu, har da wanda suke gani lafiyarsa ƙalau. Duk da haka, a 2019 aka sami ƙwayar a Hallertau ta Jamus, yankin noman hof mafi girma a Turai.

Tunda ba magani, yaƙin duka a kan iri mai tsabta yake. Dabarar kuwa tana da ban sha'awa. A can ƙarshen kan toho akwai wani ɗan wuri da ake kira meristem, inda sabbin ƙwayoyin halitta ke rabuwa da sauri, jijiyoyin abinci kuma ba su kai can ba tukuna. Sau da yawa bairos ba ya cim ma wannan wuri. Sai masana su ajiye tsiron a ɗaki mai zafi na wasu makonni don rage ƙarfin bairos, su yanko ɗan kan da bai kai milimita ɗaya ba a ƙarƙashin madubin ƙara girma, su raine shi cikin kwalba har ya zama cikakken tsiro. Daga nan a gwada shi, a sake gwadawa, sannan ya zama uwar da za a yanki dashe daga gare ta. Akwai cibiyar da ke wannan aiki a garin Prosser na jihar Washinton, akwai cibiyar binciken hof ta Hüll a Jamus, da ta Žalec a Sulobeniya.

Gwajin ma da nasa labarin. A 1977 wasu masana biyu a cibiyar East Malling da ke Kent, Clark da Adams, suka daidaita gwajin ELISA don gano bairos na tsiro, abin da ya sa ake iya duba ɗaruruwan ganye cikin sauƙi. Amma ELISA rigar furotin yake ganewa. Kun ga matsalar? Bairoyid ba shi da riga, don haka yakan wuce wannan shinge salin alin. Sai an yi gwajin PCR, irin wanda aka riƙa yi wa matafiya lokacin korona, wanda ke karanta saƙon kansa. Sauran matakan kuwa ba na ɗakin gwaje-gwaje ba ne: a wanke wuƙa da faifan tarakta da sinadari irin bilic kafin a shiga wata gona, a fara aiki da gona mai lafiya a ƙare da wadda ake shakka, kada a karɓi dashe daga maƙwabci don kawai gonarsa ta yi kyau a ido.

Wannan na ƙarshe ya shafe mu kai tsaye, duk da ba ma noman hof. Cutar dabbaren ganyen rogo, wadda farin ƙuda ke ɗauka, tana kuma tafiya cikin karan da manomi ya karɓo daga ɗan'uwansa ya dasa. Haka abin yake ga rake da dankali da doya, duk abin da ake dasawa daga jikin uwa. Darɓa kuwa kakanninku sun san aikinsa: a 1975 cutar kuturtar gyaɗa, wadda shi ke yaɗa ta, ta lalata kimanin hekta 700,000 na gyaɗa a arewacin Najeriya, tana kuma cikin abubuwan da suka karya noman gyaɗar da aka san Kano da ita. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya da abokan aikinta sun yi shekaru suna aiki kafin su fitar da ire-iren gyaɗa masu jure ta.

Ga aikin gida ga masu gonar makaranta ko ta gida da ke da rogo. Ku ɗauki takarda ku zana kunyoyin, kowane tushe ɗigo ɗaya. Ku bi su ɗaya bayan ɗaya, duk wanda ganyensa ya yi dabbare-dabbare na rawaya da kore ko ya murɗe, ku kewaye ɗigonsa. Ku lura ko ganyen farko na ƙasa ne suka fara ɓaci, alamar karan ya zo da cutarsa, ko kuwa na ƙasa lafiya suke sai sabbin na sama, alamar daga baya ƙwaro ya kawo ta. Sannan ku tambayi mai gonar daga ina ya samo karan kowace kunya, ku rubuta amsar a gefen taswirar, ku kai wa malaminku na aikin gona ku duba tare.